Cokalin Awo

A aljihun rigar sanyinki muka tsince shi,
ƙaramin cokalin awo, bakinsa ya lotsa,
tare da tikiti biyu na wasan kwaikwayo
na daren da ba ki kai ba.

Aili Rautiainen, shekara tamanin da huɗu.
Haka jaridar Thunder Bay ta sallame ki a layi shida.
Mu dai Mummo muke ce miki,
kalmar da iyayenki suka taho da ita daga Finland
cikin akwatin katako, tare da zaren saƙa.

Shekara talatin da ɗaya a asibitin bakin tafki
kina bi gado gado da takarda a hannu:
wa aka hana gishiri, wa sukari ya kama,
wa ya ture faranti ya juya fuska ga bango.
Wannan na ƙarshen shi ne naki.
Akwai tsohon nan mai lodin alkama a tashar jirgin ruwa,
kwana tara bai kai loma baki ba.
Ba ki yi masa wa'azin sinadarai ba.
Kujera kika ja, kika ce,
me mahaifiyarka kan dafa ran Lahadi?
Ya yi shiru har shayi ya huce,
sannan ya ce, miyar kifi da madara da dankali.
Washegari kika tsaya a kan mai girki sai da aka yi ta,
gishiri ɗan daidai abin da zuciyarsa za ta ɗauka.
Ya sha rabin kwano.
Kika rubuta rabi, kika ja masa layi biyu.

Ke da ko kyanwa ba ki iya zanawa,
ke da in kin ɗaga murya a coci sai mu sunkuyar da kai,
ke ce kika hana a rushe tsohon gidan wasa
don a sami wurin ajiye motoci.
Zama bakwai na majalisar gari,
kina layin gaba, dusar ƙanƙara na narkewa a takalminki.
Da suka ce babu kuɗi, kika miƙe kika ce,
na ga mutanen da suka ƙoshi kuma suna ramewa,
ba ciki kaɗai ke jin yunwa ba.
Zanen 'yan firamare kuwa,
da kanki kika liƙa su a barandar masu ciwon ƙoda,
rana mai ƙafafu, kifi sanye da hula.

Asabar tamu ce, mu jikoki biyar.
Burodin kirfa, ɗakin tururi a bayan gida,
sai ki tsare mu da karas kamar 'yar sanda.
Amma mun san gwangwanin da kika rubuta wa Maɓallai.
Alewa ce a ciki.
Kin san mun sani. Ba wanda ya taɓa tona wani.

Mun je wasan, ni da Saara ƙaramarmu.
Ta zauna a kujerarki, ƙafarta ba ta taɓa ƙasa.
Da aka kashe fitilu ta raɗa mini,
nan ne Mummo take yin tari.

Jiya na gwada miyar kifin.
Na auna komai da cokalinki, ban ƙara ba, ban rage ba,
ta fito salam, ba ta san ki ba.
Mama ta ɗanɗana, ta yi dariya har ta share ido.
Ta ce, wannan ai na asibiti ne.
A gida da hannu take zubawa.