Kukan Birki

Tun daga gangaren Kawo ake sanin ni ne.
A-kori-kurata ba ta sallama da hon,
da birki take yi:
ƙiiii, kamar an taka wutsiyar kyanwa,
kamar mai wasa wuƙa ya samu ciniki.
Mai shayin bakin layinmu ya ce,
"Ga mai goge nan ya iso."

Na toshe kunne wata huɗu.
Ran da na tsaya gefen ɗaurin aure a Badarawa
liman ya yanke addu'a ya dube ni,
ran nan na nufi Kurmin Mashi.

Sallau ya ɗora jak, ya kwance noti shida,
ya zaro takalmin birki ya miƙo mini.
Ya suɗe kamar silifas ɗin ɗan dako,
ƙarfe na cin ƙarfe.
"Mota ba ta ƙarya," in ji shi.
"Tun damina take gaya maka, kai ne kurma."

Ya aiki yaronsa Panteka:
"Ban da mai ƙyalli, kawo mai nauyi."
Ya bi faifan da samfefa a hankali
kamar mai wanke wa jariri fuska,
ya hure jar ƙasar Rigasa da ta maƙale,
ya lakato giris da ɗan yatsa
ya shafa a baya, inda ƙarfe ke gugar ɗan'uwansa.
"Ban da fuskar. In maiƙo ya taɓa nan
sai dai kogi ya tsayar da kai.
Kuma buhu ashirin ba kayan bayanta ba ne."

Na biya ina ƙunƙuni.
Na taka a shataletale, shiru.
Na taka a kan gada, shiru,
kamar na shigo gari da motar aro.

Na isa gida bayan isha'i, ƙofa a kulle.
Iya Dije, da idonta ya tafi shekara uku,
tana zaune, ba ta sa an ɗumama tuwo ba.
"Wane ne?"
"Ni ne, Iya."
"Ban ji ka ba.
Kullum daga kwanar masallaci nake jin ka,
in ce alhamdu lillahi, titi ya dawo mini da shi."

Yanzu in na karyo kwanar
sai in danna hon sau biyu, gajeru.
Maƙwabta na tsaki,
mai shayi ya ce goge ya koma algaita.
Ni dai ba na kashe inji
sai na ji muryarta ta taga:
"Hajjo, tashi ki buɗe."