Ƙarni Ba Ƙarni

Ranar Lahadi ba a karɓar kuɗin shiga,
shi ya sa kakata Deolinda ta yarda.
Ta ce ko sisi ba za ta biya ba
don ganin ƙofar da ta yi shekara talatin da ɗaya
tana shigar ta da gudu, jiniya na bin bayanta.

Gidan tarihin garinmu, nan gaɓar tekun Fotugal,
a da masana'antar kifin gwangwani ce.
Yanzu bango ya sha farin fenti,
fitilu na haske a kunyace,
daɓe na sheƙi
kamar hanjin kifi bai taɓa kwana a kansa ba.

Ɗakin farko, tulunan Rumawa da aka tsamo daga laka,
wani ba wuya, wani ba gindi.
Ta wuce su kamar maƙwabtan da ba a ga maciji.
Na biyu, hotunan manyan gari,
kowa da gashin baki da sarƙar agogo.
Ta tsaya gaban ɗaya, ta ja tsaki:
"Wannan da ladan uwata na kwana tara ya shiga kabari."

Sai wani zane, faɗinsa ya kai ƙofa biyu:
jiragen masunta na fita, sama ta yi jajir,
mata a bakin ruwa suna ɗaga hannu da fara'a.
Ni dai ya burge ni.
Ita ta ce, "Mai zanen nan bai taɓa jiran kowa ba.
In sama ta yi wannan launi, ba mai kwance igiya,
kuma mu ba ma murmushi, ƙirga jirage muke."

A babban zaure an jera mutum-mutumi,
mata farare tas, riga ba ɗigon jini,
suna yankan kifin roba a dogon tebur.
Ta buɗa hanci. Ta sake buɗawa.
"Sun tara ƙarni guda a ɗakin nan," in ji ta,
"to ina ƙarnin?"
Wanda ke bin su coci, ya bi su gado,
wanda lemon tsami ya yi ya gaji,
wanda kakana Albano ya ce
da shi ya gan ta, da shi ya ɗauka.

Can ƙurya, cikin akwatin gilashi,
wani almakashi, da jan zare a hannunsa.
Takarda ta ce ba a san mai shi ba.
Kakata ta dafa gilashin da tafi biyu.
"Na Graciete ne. Bahaguwa ce,
dubi gefen da ya cinye.
Ni na ba ta zaren, daga bakin siket ɗina."

Yaro mai gadi ya matso, Telmo aka rubuta a ƙirjinsa,
ya buɗe baki zai ce a daina taɓawa,
sai ya rufe.
Ya tafi, ya dawo da littafi da biro.

Yatsunta sun tanƙware tun kafin a haife ni,
don haka ni na rubuta, tana faɗa:
Graciete, ta layin bayan kasuwa.
'Ya'ya huɗu, ɗaya teku ta riƙe.
Ba ta iya waƙa ba, kuma ba ta fasa ba.
"Ƙara da cewa ina bin ta ƙwai biyu."
Na ɗago kai. Ta ce, "Rubuta mana."

Da muka fito, iska ta juyo daga tasha.
Ta sayi sadin gasasshe a takarda,
ta ci a tsaye, da hannu, har ƙaya ta tsotse,
sannan ta kai yatsunta ƙarƙashin hancina.
"Shaƙa," ta ce.
"Wannan ɗakin ba su gina shi ba tukuna."