Ranar da Kowa Ya Kurmance

Shekara ashirin da uku ina bakin injin niƙa a Kawo,
masara, gero, tattasai, waken ƙosai,
har kunnen hagu ya yi mini sallama,
na dama kuma yana jin duniya kamar daga ƙasan rijiya.
'Yata Hindatu ce ta biya kuɗin tafiyar.
Ta ce, Baba, je ka huta da ƙugi.

Mu goma sha ɗaya a bas, bayan asuba.
Jagoranmu Didam, siriri, da 'yar jaka a baya,
tun daga Kachia bakinsa bai tsaya ba.
Ina gyaɗa kai inda na ga ana gyaɗawa,
dariyata tana zuwa a makare, kamar kullum.

Dab da Kafanchan muka ratse gidan kakarsa.
Mama Zigwai na da itacen gahawa bakwai a bayan ɗaki,
sun maƙale tsakanin citta da gwaza.
Ta zuba 'ya'yan a kasko, ta rage wuta,
tana juyawa da guntun kara, ba gaggawa,
har suka yi duhu kamar bayan tsohon faifai.
Wai suna fashewa, ƙas, ƙas.
Ban ji ba. Hancina ne ya ji,
ya kai wa ƙirji labari.

Da ta jawo ɗan turmi sai bakina ya suɓuce:
Iya, wannan a injina,
kafin ki gyara ɗankwali na gama.
Ta dube ni. Na bi leɓenta:
In ka gama, ƙanshin wa kake bar wa?
Ta miƙo taɓarya.
Na daka. Kowane bugu ya hau ta tafin hannu,
ya bi kafaɗa, ya zauna a haƙora.
Rabon da in ji abin da nake niƙawa, na manta.

Ta dafa da ɗanyar citta.
Ɗaci, sannan yaji, sannan wani abu da ba ni da sunansa.
Wata 'yar Barnawa ta nemi sukari sau biyu.

Hanyar Matsirga ta sha ruwan daren jiya.
Ciyawa har ƙugu, laka na ƙwace silifa,
gwiwata na tsine wa Hindatu a kowane gangare.
Tun ba a ga komai ba ƙasa ta soma rawa.
Tafin ƙafata ya riga kowa sani.

Sai ga shi.
Fari fat, yana zubowa daga goshin dutse
kamar garin da babu mai tara masa kwano.
Feshi ya jiƙa mu. Ƙugi ya haɗiye kowace murya.
Malamin makaranta na ihu, ba mai jinsa.
'Yar Barnawa na cewa me? me? da hannu a bayan kunne,
hannun da na sani, hannuna.

Didam ya ce, kar ku taka wancan dutsen, santsi ne.
Ni kaɗai na ji.
Na cafko rigar malam, ƙafarsa na sama.
Can gefe wani saurayi ya sunkuya ga matarsa,
yana zaton ruwa ya rufa masa asiri:
Ki yafe mini zancen nan.
Na kawar da ido. Ba nawa ba ne.

Na daɗe a tsaye, a jiƙe,
garau a cikin kurame.

Da isha Hindatu ta tare ni a ƙofa:
Baba, ka huta da ƙugi?
Na ce a'a, na dai je gidan babban wansa.
A aljihuna akwai ƙullin ɗanyar gahawa.
Gobe zan shiga maƙwabta aron turmi,
ni, mai injin unguwa.
Su yi dariyarsu. Zan gani.