Laraba

Ɗan faifan da aka manna mini a dantse
ba ya barci.
Yana lasar jinina, yana kai wa waya tsegumi.

A Shika, likita Asabe ta juyo kwamfuta:
“Baba Tanimu, manhaja ta ce
duk Laraba bayan la'asar
suganka na hawa kamar mai hawan Kufena.
Sati tara a jere.”

Na sunkuyar da kai.

Ta iya ƙirga, wannan aba,
amma ba ta san Ƙofar Doka ba,
gidan ƙanwar Delu,
inda ake ajiye mini alkaki biyu
masu ɗanɗanon hannun da na binne bara.

“Ɗaya fa?” na ce.
Ta daɗe tana kallon zanen.
“Rabi. Kuma ka tako gida da ƙafa.”