Tabon Salansa

Ranar Lahadi, kafin Agege ta farka,
Sallau ya turo babur bayan mayanka,
inda ƙasa ke jiƙe da ruwan daren jiya.
Ya kifa min hular kwano, ya ɗaure ta tam,
ya ce, "Kai guda gare ka,
ko a Ladipo babu safayarsa."

Na saki kuloci kamar na taɓa garwashi.
Babur ya zabura, ya mutu.
Mai soya ƙosai ta ce wani abu da Yarbanci,
dariyarta ta fassara min.

Sau tara haka.
A na goma salansa ta lashe ni a ƙwauri.

"Daina kallon rami," in ji Sallau,
"inda ido ya je, nan taya ke bi.
Birki kuma ba a fizgarsa,
lallaɓa shi ake yi kamar kwandon ƙwai."

Sati uku ina zagaya fili ɗaya
har awakin wurin suka daina gudu.

Yau na hau kwalta.
Danfo ya danna min hon a ƙeya,
kwandasta na lilo a ƙofa yana zagi.
Ban ƙara wuta dominsa ba.
Na duba madubi, na sa sigina,
na bar shi ya wuce da hayaƙinsa.

A bakin layin dogo na dire ƙafa,
na tarar gwiwata ta bar rawa,
ban san tun yaushe ba.

Tabon na ƙaiƙayi, hadari na haɗowa ta Ikeja.
Sallau ya ce gobe darasin santsi.