Abin da Guguwa Ba Ta Gani Ba

A tsibirin Samar, bayan madafina,
inda ruwan wanke-wanke ke gangarawa,
akwai kunya huɗu, gajeru, karkatattu,
ko igiya ban ja musu ba.

Leonila ce ta miƙo yaɗon ta saman shinge,
dami guda, ɗaure da zaren buhu.
Ta ce, "Kwantar da shi, Krisanto, kada ka tsayar.
Binne gaɓa uku, bar biyu su sha iska.
Toka yake so. Rage kashin kaji,
in ka ƙosar da shi, da ganye zai biya ka."

Na ce to, don ganin furfurarta.
Zuciyata na wurin tumatir,
da barkonon da na kafa wa sanda ɗai-ɗai,
ina leƙa su safe da yamma kamar masu jego.
Dankali kuwa, sha-kushe,
sai in na zo zubar da toka nake tuna shi.
Ya yi rarrafe ya haye turmi,
ya shiga ƙarƙashin kejin zakara,
na ɗaga shi da ƙafa, na mayar.

Wata na huɗu, daren Talata,
teku ta taso ta shigo gari ba sallama.
Iska ta ɗauke kwanon rufina kamar faifai,
ta karya wuyan kwakwa goma sha ɗaya.
Da gari ya waye
ban sami ko sandar barkono ba.

Kwana uku jirgin shinkafa bai zo ba.
'Yata Marisel ta daina tambaya,
shirun nan ya fi kukan ciwo.

Sai ga Leonila, zani jiƙe, ba takalmi,
ta tsallako inda shinge yake a da.
Ba ta gaishe ni ba.
Ta durƙusa cikin taɓo, ta tura hannu har gwiwa,
tana lalube kamar ungozoma,
ta zaro ɗaya, ja, mai kaurin damtsen yaro,
ta zaro wani da ɓera ya riga mu ɗanɗanawa,
ta zaro wani, ta zaro wani.

Mun gasa su a garwashin ƙyauren ɗakina.
Ɓawon ya tsage, zuma ta tsattsafo,
Marisel na jefa nata daga hannu zuwa hannu
tana hurawa, tana ci, tana ƙona harshe.
Gida biyar suka ci daga kunya huɗun nan,
har da mai kantin da ya hana ni bashi bara.

Da za ta tafi, Leonila ta tsince yaɗon da ya saura,
tsumma-tsumma, gishiri ya ƙone gefensa.
Ta raba biyu, ta miƙo mini rabi.
"Gaɓa nawa na ce?"
Na ce uku.
Ta ce, "To, ɗauko fartanya, rana na yi."