Jan Layi

Ƙarfe takwas da kwata Malam Tukur ke jan layi
a littafin sa hannu, da rula, da jan biro.
Wanda sunansa ya faɗo ƙasa sai ya yi bayani.
Ni kuwa a takwas ɗin nan likita ke jirana a Katsina,
kuma Daura ba ta matsowa kusa
don wata tana sauri.

Na fito kafin ladan ya gyara murya.
Nafi'u ya sauke ni a tasha, bai ce komai ba,
ya dai gyara mini bakin mayafi.
'Yar kula a cinyata, ƙanƙarar Ɗan'azumi a ciki,
allura huɗu kwance a tsumma:
albashin wata biyu ke nan, da awarwaron da Inna ta bar mini.
A Mashi direba ya tsaya neman cikon mutum ɗaya,
ina zaune ina jin ƙanƙara tana komawa ruwa.

A bencin asibiti mun san juna, ba mu san sunan juna ba.
Waccan ta banki, wayarta ba ta numfasawa,
"Ina hanya, ranka ya daɗe, cunkoso ne."
Waccan ta kwana a bakin aiki, tana gyangyaɗi da farin takalmi.
Kowacce ta bar ƙarya ɗaya a kujerarta
tana tsare mata wuri.

Takardar neman izini tana da gurbi: Dalili.
Zazzaɓi, na rubuta.
Karo na uku a zango ɗaya.
Malam Tukur ya sauke tabarau:
"Malama Ladidi, sauron gidanku ba ya zuwa hutu ne?"
Na taya shi dariya.
To me zan ce?
Cewa akwai 'yan ƙwayaye a marata da ake aunawa da na'ura,
ba su iya karanta jadawalin makaranta ba?

Lissafi nake koyarwa, shekara tara.
Yanzu lissafin ne ke koyar da ni:
rana ta biyu, jini; rana ta takwas, hoto;
ta sha biyu ta zo ta zauna daram a kan ranar jarrabawa.
Saude ta dubi kular, ta kawar da kai
kamar wadda ta ga mutum yana sauya tufa.
"Je ki," ta ce, "ajinki yana hannuna."
Har yau ba ta tambaya ba.
Allah ya biya ta da abin da ba ta roƙa ba.

Ƙarfe ɗaya, a ɗakin ajiyar alli da tsintsiya,
na kare ƙofa da duddugena,
na kama fatar ciki, bisimilla, na soka.
Ƙararrawa ta kaɗa.
Na gyara zane, na ɗauki alli,
na koma gaban allo da murmushin da na bari a can.

Kowace safiya ina kiran suna arba'in da bakwai,
'ya'yan mutane, kowa ya amsa.
Akwai na arba'in da takwas,
yana ƙarƙashin harshena tun shekarar farko.
Ba ya cikin rajista. Ba ya makara. Bai dai iso ba.

Yau ce ranar da suka ce za su kira.
Darasi na huɗu, ina tsakiyar allo,
jakata ta fara rawa a kan tebur.
Doka ta hana ɗaga waya a aji,
ni ma na sa hannu a dokar.
Allin ya karye. Na ɗauki guntun.
Waya ta yi shiru, ta sake farawa.

Tasalla, 'yar bencin gaba, ta ɗaga hannu:
"Malama, to nawa ce amsar?"

Na ce, "Dakata, 'yata.
Ba mu kai nan ba tukuna."